Wanda Zai Zuba Ruwa

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan la'asar

Huɗu na wanke yau. Shekara ashirin da shida ina wankan gawa a unguwar nan ta Lamashegu, ban taɓa wanke fiye da biyu a yini ɗaya ba. Mata uku kuma matata Safiatu da abokan aikinta ne suka yi musu a ɗakin baya. Bakwai ke nan, in na asibiti ba su ƙara mana ba.

A bayan littafin awon ɗinki nake rubuta wannan, don shi ne a kusa, kuma in ban zuba abin a takarda ba a kan Safiatu zan zuba shi, ita kuwa nata ya ishe ta.

Aikinmu na mutum biyu ne. Ni nake wankewa, Mba Imoru, wato Baba Imoru, yake zuba ruwa. Haka muka tarar ana yi a nan, ba a barin mutum ɗaya da mamaci: ɗaya ya wanke, ɗaya ya zuba, mai zubawar kuma shi ne shaidar an cika wankan. Ni ma tun da babur ya kayar da ni, hannuna na hagu ba ya iya juya babban mutum. Shekara ashirin da biyu Imoru yana tsaye a damana da butarsa ta ƙarfe, ban taɓa ce masa ƙara ko rage ba. Yau ya zuba wa uku. Na huɗun ɗansa ne, Ziblim. Na ce ya fita a samo wani, ya tambaye ni wa zai zuba wa Ziblim in ba shi ba. Shi ɗin ya zuba.

Ana cewa birki ne ya tsinke. Tifar yashi ce, cike, jiya da yamma a mahaɗar hanyar Dungu, daidai lokacin da mutane suke jiran yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, mata suna gasa masara a bakin titi. Direban yana asibiti, 'yan sanda suna tsaronsa. Direban ɗan ƙanwata Zuhuratu ne. Ni na raɗa masa suna shekara ashirin da uku da suka wuce, kuma ba zan rubuta sunan a nan ba.

Birki ne. Tun safe nake faɗa wa kaina birki ne.

Asabar, 2 ga Agusta, hantsi

Ruwa tun asuba. Ban buɗe shago ba.

Lahadi, 3 ga Agusta, bayan azahar

Mai facin taya na mahaɗar ya zo gaisuwa gidan Imoru ina zaune. Bai san ni ba, shi ya sa ya saki baki. Ya ce motar ta wuce ta kan mutane har ta kai wajen gidan mai, ta tsaya, yana kallo, sai ta juyo. A dawowar ce ta samu Ziblim, domin ya ruga ya ɗago wata tsohuwa da ta faɗi. Da ba don motar ta afka kwalbati ba, ya ce, Allah kaɗai ya san sau nawa za ta juyo.

Babu wanda ya dube ni. Mutum talatin a zaune a ƙarƙashin rumfa, kowa ya samu abin kallo a tabarmarsa. Na so a ce wani ya tashi ya zage ni, da na ji sauƙi. Imoru ne kawai ya ɗago kai, ya turo mini ƙwaryar ruwa, na sha ba don ina jin ƙishi ba.

Motar da birkinta ya tsinke ba ta tsayawa ta juyo. Ko ni da ban iya tuƙi ba na san wannan.

Litinin, 4 ga Agusta, da safe

Na ɗauke Zuhuratu daga ɗakinta na Kaladan na dawo da ita gidana, don jiya an yi wa rufinta ruwan duwatsu. Ta ci kuka ta ƙoshi, yanzu zama take yi tana linke kayansa tana warwarewa. Cewa take yi a je a duba birkin da kyau. An duba, 'yan sanda sun ce lafiyarsa lau. Ban gaya mata ba tukuna.

Laraba, 6 ga Agusta, kafin magariba

Kowa a garin nan ya zama likita. Mai shayi ya ce ƙwaya ce. Wanzami ya ce aljanu ne na ramin yashin da suke ɗiba. Matan famfo sun ce wata yarinya ce ta ƙi shi. Har wani ya samo labarin wai ubansa da ya rasu yana da taɓin hankali, alhali na zauna da mutumin nan shekara goma sha biyar, hauka ɗaya da na san yana da ita ita ce ta ƙwallo.

Haushinsu nake ji, kuma na san dalili. Suna neman abin da za su rataya wa laifin su huta, ni kuwa na san babu. Yaron nan bai taɓa kwana da yunwa ba. Ya gama sakandare da sakamako mai kyau, da makarantar gaba ba ta samu ba ni na nema masa aikin tifar. Ko taba ba ya sha.

Magana kawai yake yi. Shekara biyu yana zuwa shagona da yamma, ya zauna a kan buhun ƙyallaye da wayarsa a hannu, yana kallon masu wucewa yana zuba. Wai mutane gara ne, suna ci suna haihuwa suna lalata duk inda suka sauka. Wai babu wani abu mai suna laifi, abin da masu yawa suka ƙi shi suke kira laifi, gobe in suka so shi sai ya zama doka. Ranar da aka kama ɓarawon babur a bayan masallaci aka yi masa duka, ya nuna mini mutanen ya ce, ga su nan, su ne za su cika sahun gaba anjima. Sai na yi abin da na iya, na tsokane shi. Farfesan yashi nake ce masa. In ya cika ni da surutu in ce ya je ya yi aure, falsafar za ta fita da kanta. Yakan yi murmushi, ni kuma in ɗauka na ci nasara.

Ina taka keken ɗinki ina dariya, shi kuwa ashe da gaske yake.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan la'asar

Addu'ar bakwai. Na je, na zauna a ƙarshen rumfa, na dawo.

Ina neman shafin da zan rubuta wannan sai na faɗa kan awon Ziblim. Wata biyu da suka wuce ya zo in ɗinka masa kaftani na sunan ɗansa, matarsa tana da tsohon ciki. Kafaɗa goma sha takwas, tsawo arba'in da biyu. Yadin yana nan a rataye, ruwan toka, ban ko sa masa almakashi ba.

Asabar, 9 ga Agusta, da rana

Na gan shi.

Zuhuratu ta dafa tuwo da miyar ayoyo ta ce in kai masa, ita ƙafarta ba za ta iya ba. Ɗan sandan da ke ƙofa ya san ni, na taɓa wanke masa uba, ya ba ni minti goma. An ɗaure masa ƙafa ɗaya a ƙarfen gado, ko da yake ba na jin zai iya zuwa ko bakin ƙofa. Ƙirjinsa a naɗe, numfashinsa yana ƙara kamar tsohon famfo. Amma idon nan nasa yana nan yadda na san shi, a natse.

Ya gaishe ni yadda ya saba, har da tambayar hannuna. Na ajiye kwanon na tambaye shi abin da ya kawo ni. Na yi tsammanin kuka, ko ƙarya, wallahi ko ƙaryar da na karɓa da hannu biyu. Sai ya ce babu wanda ya yi masa komai, bai ma san ko ɗaya daga cikinsu ba sai Ziblim, shi ma daga baya aka gaya masa. Ya ce ya daɗe yana so ya ga ko akwai wani abu da zai tsayar da shi, daga sama ko daga cikin ransa, sai ya tarar babu. Ya ce kullum ana yanka shanu a mayanka babu mai kafa rumfa, bambancin kawai shanu ba su da 'yan uwa masu lasifika.

Na ce masa Ziblim ya goya shi a keke yana ƙarami. Ya ce ya tuna.

Na ce, to Allah fa? Bai amsa wannan ba, ya juya kai yana kallon bango. Na riƙe wannan shirun, shi kaɗai na samu na fito da shi.

Har na miƙe sai ya kira ni.

"Kawu, kai ne kullum kake cewa kowa ana wanke shi, alhaji da ɓarawo ruwa ɗaya ne. Ko ba haka ba?"

Na ce haka ne.

"To jira nawa ya zo. Babu wanda zai zuba maka ruwa, ko mutum ɗaya. Ranar za ka gane ni nake da gaskiya. Duk kirkin nan naku na wanda kuke so ne kawai. Lojik ne, Kawu."

Na ɗaga hannu zan mare shi. Ban taɓa dukan yaron nan ba a rayuwarsa. Na dubi igiyoyin roba da ke jikinsa, na sauke hannun. Tuwon na baro shi a can. Da na dawo Zuhuratu ta tambaye ni ko ya ci, na ce ya ci, ta tambaya ko ya ce birki ne, na ce ya gaji, bai yi magana sosai ba.

Lahadi, 10 ga Agusta, hantsi

Na tsane shi. Na rubuta don in ga yadda kalmar take a takarda. Na tsane shi, kuma da asuba na kama kaina ina roƙa masa sauƙi.

Talata, 12 ga Agusta, da safe

Wani ya aiko yaronsa ya karɓe yadinsa daga shago, bai bari na ɗinka ba. Na uku ke nan. Ba na jin haushinsu.

Wani dattijo ya rasu jiya a bayan kasuwa, ba a aiko mini ba. Daga wata unguwa suka ɗauko mai wanka.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan azahar

Yaron ya cika yau da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zuhuratu ba ta yi ihu ba. Ta zo ta durƙusa a gabana, mace mai shekara hamsin, ta riƙe ƙafata.

"Yaya, ban roƙe ka rumfa ba, ban roƙe ka mutane ba. Ka wanke mini shi kawai. Kar a jefa shi rami kamar akuya."

Na ce zan wanke shi. Na faɗa da sauri, kafin in tuna aikin na mutum biyu ne.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan la'asar

Na samu Liman Tijani bayan an watse daga masallaci. Mutumin kirki ne, kuma bai ɓoye mini komai ba. Ya tambaye ni ko yaron ya furta da bakinsa cewa ya fita addini. Na tuna shirun nan na asibiti, na ce bai furta ba. Ya ce to wanka da likkafani da salla hakkinsa ne a kan jama'a, komai girman abin da ya aikata, hisabinsa yana gaba. Amma shi ba zai tsaya masa salla ba, don mutane su san nauyin abin, kuma ba zai tilasta wa kowa ba. Zai yi magana a ba mu wuri a can ƙarshen maƙabarta, wajen da ciyawa ta cinye.

Na ce mai zuba ruwa fa? Ya ce in nema.

Litinin, 18 ga Agusta, kafin magariba

Na nema. Ladan ya ce bayansa yana ciwo, mutumin da na ga ya ɗaga buhun masara jiya. Maƙwabcina ya ce matarsa za ta bar masa gida. Ɗana da ke Kumasi ya ce aiki ba zai bar shi ba, kuma na ji a muryarsa yana roƙona kar in sake tambaya. Ƙannen ubansa biyu sun kashe waya. Mai wankan da aka ɗauko daga waccan unguwa ya saurare ni har na gama, ya ce ɗaya daga cikin matan nan uku 'yar yayarsa ce, ya raka ni bakin ƙofa da mutunci.

Mutum goma sha ɗaya na tambaya. Kowane ɗaya yana da gaskiyarsa, ni ma da ni ne su da haka zan yi. Abin da yake cin raina shi ne duk gidan da na fito sai in ji muryar nan tana bina a baya, a natse, tana cewa na gaya maka.

Safiatu ta ce ita za ta zuba, ta rufe ido. Na ce ta san ba ya yiwuwa. Ta ce ta sani, ta faɗa ne kawai don kar in ce babu wanda ya faɗa.

Laraba, 20 ga Agusta, da rana

'Yan sanda sun gama da shi, sun sa hannu a takarda. Ma'aikacin ɗakin ajiyar gawa ya ja ni gefe ya ce ranar Talata mai zuwa za a kwashe gawawwakin da babu mai su, a binne su tare a rami ɗaya, haka ake yi in wuri ya cika. In ban ɗauke shi kafin nan ba, da shi za a haɗa. Babu wanka, babu likkafani, leda ce da lamba.

Na gwada a gida. Na cika buhu da yashi na ɗora a kan katakon wanka, na ce bari in ga ko zan iya juyawa da dama in zuba da hagu. Butar ta kuɓuce, buhun ya faɗo mini a ƙafa. Safiatu ta leƙo ta gan ni zaune a cikin ruwa, tsoho da furfura yana kokawa da yashi. Da wani lokaci ne da ta yi mini dariyar sati guda. Ta ɗauko tsumma ta goge ƙasan.

Ko da na iya ma, wa zai shaida?

Alhamis, 21 ga Agusta, da safe

Na ɗinka likkafanin. Awonsa yana shafi na tara, daga rigar Sallar bara.

Juma'a, 22 ga Agusta, hantsi

Matar Ziblim ta haihu. Namiji.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Imoru ya zo shago. Tun ranar addu'ar bakwai ban gan shi ba, kuma shi kaɗai ne ban tambaya ba, ko a mafarki ban yi niyya ba. Ya rame, binjimarsa, rigar saƙin nan tasa, tana yawo a jikinsa. Ya zauna a kan buhun ƙyallaye, daidai inda yaron yake zama, na so in ce ya koma kujera na kasa.

Na yi masa barka da jika, ya amsa. Sannan ya ce an gaya masa na je asibiti, yana so ya ji abin da yaron ya faɗa. Na fara kewaye-kewaye, ya tsayar da ni, ya kira ni Afa, wato malam, yadda ya saba.

"Afa Sualihu, shekara ashirin da biyu ni da kai muna ganin tsiraicin mutane. Kar ka rufe mini wannan. Na tambayi Naawuni, Ubangijina, dalili bai ba ni amsa ba, kai ka ba ni abin da ka ji."

Na gaya masa duka. Gara, da shanun mayanka, da cewa bai ma san Ziblim yana wurin ba, da cewa ya tuna keken. Ina faɗa ina jin kamar ina watsa masa ruwan zafi, shi kuwa idonsa yana kan yadin nan ruwan toka da ke rataye. Ban san ko ya gane na wane ne ba. Da na zo kan maganar ƙarshe, ta zuba ruwa, na tsaya, don kar ya ɗauka roƙonsa nake yi ta bayan gida. Ya ce in ƙarasa, na ƙarasa.

Ya sa na maimaita masa. Ya tambaya mutum nawa na nema, na ce goma sha ɗaya. Ya tambaya nawa suka yarda. Na ce babu ko ɗaya.

Ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya tafi, ko sallama babu. Na zauna ina zagin kaina. Mutumin da ya binne ɗa, na ƙara masa da wannan ya kai gida.

Lahadi, 24 ga Agusta, da rana

Saura kwana biyu. Na gaya wa Zuhuratu maganar birki, na gaya mata maganar Talata. Ta ce ta daɗe da sanin ta birkin.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan azahar

Zan rubuta wannan a hankali, don ba na so in manta komai, kuma ba na jin zan sake rubuta wani abu mai tsawo.

Bayan sallar asuba na ɗauko shi a motokin, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ni da direba, wani Bafrafra, ɗan wata ƙabila, da ba ruwansa da unguwarmu. Na yanke shawarar in yi abin da zan iya ni kaɗai, in bai cika ba Allah ya ga hannuna. Direban ya taya ni ɗora shi a kan katako ya fita da sauri. Na ɗora ruwa a wuta don jikin ya yi sanyi ƙwarai, na jiƙa ganyen magarya, na fito da sabulu da kafur. Na juya zan ɗauko butar a ƙusarta sai na ga babu.

Tana hannun Imoru. Yana tsaye a bakin ƙofa, ya riga ya naɗe hannun riga.

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu.

"Kar ka gode mini, Afa. Ban yafe shi ba, ba zan yafe ba, har gaban Naawuni ni da shi ne. Amma ya kashe mini yaro, ba zai kuma ci gardama a kaina ba."

Ya cika butar ya tsaya a damana.

Na rufe al'aurarsa, na naɗe tsumma a hannu, na yi niyya. A niyyar dole na kira sunan a zuciyata, don haka bari in rubuta shi. Abdul-Wadud. Na yi wa Abdul-Wadud alwala, na wanke kansa, na wanke damansa, sannan hagunsa. Da aka zo juyawa Imoru ya ajiye butar ya sa hannu biyu ya tallafe kafaɗar, a hankali, yadda yake yi wa kowa. Na saci kallonsa ko zan ga ya matse ko ya yi gaggawa. Bai yi ba. Ruwan yana sauka daidai inda hannuna yake, ba yawa ba kaɗan, kamar kullum.

Abin da muka gani a jikinsa amana ce, ba na takarda ba ne. Haka muke yi wa kowa.

Sau uku ake yi, in an ga bai wadatar ba a kai biyar. Da muka gama na uku na miƙa hannu zan ɗauko mayafi, don na matsu in sallami Imoru. Sai ya nuna mini bayan kunnen hagu, inda ɗan yashi ya maƙale a gashi. Ya ce bai fita ba. Muka yi na huɗu, muka yi na biyar da kafur. A nan ne hawaye ya ƙwace mini, na kasa ganin abin da nake yi, shi kuma ya tsaya da butar a karkace yana jira har na share ido.

Na tambaye shi yadda na saba tambaya, an cika? Ya ce an cika.

Ya taya ni naɗe likkafanin. Salla kuwa ya ce in nemi wani, nan nasa ya tsaya. Ni na yi ta a bakin kabari, masu haƙa biyu a bayana, ɗayan ma sai da ya juya ya ga ko akwai mai kallo. Zuhuratu tana gida, na gaya mata an wanke shi sau biyar. Ta tambaya wa ya zuba. Da na faɗa mata ta rufe fuska da mayafi, har yanzu ba ta buɗe ba.

Ban san ko Abdul-Wadud ya ji ruwan nan ba. Malamai sun ce mamaci yana sanin mai wanke shi. In haka ne, to ya ga wanda ya riƙe masa kafaɗa, kuma ba ni da abin da zan ƙara masa a kan wannan. Bakwai ɗin nan dai suna inda suke, babu wanda ya dawo.

Kafin Imoru ya fita ya wanke butar ciki da waje, ya goge ta da gefen rigarsa, ya rataye ta a ƙusa. Ya tsaya yana kallonta.

"Ka nemi wani mai zubawa, Afa. Hannun nan ya zuba wa Ziblim, ya zuba wa wannan. Ya gama."

Na ce to.

Juma'a, 29 ga Agusta, da safe

Yau sunan jikan Imoru, ina jin lasifikarsu daga shago. An mayar wa yaron sunan ubansa. Ba a gayyace ni ba, kuma daidai ne.

Na sauke yadin nan ruwan toka na yanka 'yar riga, kafaɗa shida. Safiatu za ta kai ta ƙofar baya, ta ba matan, ba sai ta ce daga wa ba.

Butar tana ƙusarta. Ban taɓa ta ba.